Waƙafin da Ya Tsare Saƙon Abba

Auta ta shigo ofishin Injiniya da jajayen idanu, rungume da tsohuwar kwamfuta kamar jinjiri. Shi da ake wa kirari da surutu, yana ɗago kai ya manta yadda ake gaisuwa.

"Ta mahaifina ce," ta ce. "Wata bakwai da rasuwarsa, amma kullum ƙarfe bakwai na safe sai saƙonsa ya shigo wayar Umma."

Ta nuna masa: "An kasa turawa. Zan sake gwadawa gobe, in sha Allah."

Ya buɗe kwamfutar, don ya san ba fatalwa ba ce. Marigayin malami ne mai naɗar darussansa. Da hannunsa ya rubuta 'yar manhajar da ke kwashe fayiloli daga kwamfutar ta kai su ma'ajiyar intanet, in ta gaza ta sanar ta saƙon waya.

Kwana uku yana bin manhajar layi-layi, Auta na gefensa wai duba aiki take. Kullum da yamma takan mayar da kwamfutar gida, don Umma ba ta san ana fita da ita ba.

Ashe fayil ɗaya ne ya maƙale, mai suna "Ga 'yata ranar aurenta". Ɗan waƙafin nan na saman 'y shi ke rikita manhajar. Ya gyara, fayil ya wuce, Auta kuma ta laƙaba masa Malam Waƙafi.

Washegari Umma ta zauna riƙe da waya har hantsi. Shiru. Gidan ya koma kamar a ranar aka yi rasuwar. Dole Auta ta faɗa mata abin da ya faru.

Da Injiniya ya aiko neman izinin auren Auta, Umma ta ce, "Wanda ya rufe bakin mijina a karo na biyu ba zai auri 'yata ba."

Auta ma ta tura masa cikin kuka: "Ka ce za ka gyara, ba ka ce zai yi shiru ba."

Ya amsa: "Autata, in kin ce, yau ɗin nan zan mayar da kuskuren. Amma wata bakwai mahaifinki yana tsaye a bakin ƙofa da saƙo a hannu. Ki bar shi ya huta."

Ta kai wa Umma wayar, ta kuma nuna mata sunan fayil ɗin. Umma ta daɗe tana kallonsa, ta ƙi buɗewa.

"Ranar aure ya ce. Ki faɗa wa yaron nan ya turo magabatansa."

Bayan ɗaurin aure, su uku suka zauna a ɗakin karatun marigayin, suka buɗe fayil ɗin. Aka ji ƙarar kujera, aka ji ɗan tarinsa, sannan muryar ta fito.

"Auta, ban san wanda kika zaɓa ba, amma na yarda da idonki. Kai kuma, amana ce na ba ka. Allah Ya yi muku albarka."

"Na karɓa, Abba," Injiniya ya ce.

Umma ta share hawaye, ta haɗa hannayensu wuri guda ta ce, "Amin."