Yatsa a Kan Jijiya

Likitan dabbobi ne, mai kayar da bijimi, amma ranar da ya ga allura a hannun wata ma'aikaciya a asibiti sai ya runtse ido kamar yaro. Ta yi dariya har da ajiye sirinji. Tun daga nan yake ce mata Mai Allura, ita kuma tana ce masa Jarumi, don tsokana.

Maganar aurensu ta kai gaban babanta ke nan zazzaɓi ya kwantar da Jarumi, likita ya ce a gwada jininsa. Ita ta ɗiba. Ta goge wurin da sifirit, amma da ta ga yadda ya rame, tausayi ya sa ta sake ɗora yatsa a kan jijiyar tana lallashinsa. Ko 'yar koyo ta san ba a yin haka.

Sakamako ya fito da sunan wata ƙwayar cuta. Shi kuwa bawan Allah, da gaskiyarsa, ya nuna wa babanta. Kawunta, da yake wa ɗansa kamunta, ya ce ai ciwon dabbobi ne ya shiga jininsa. Baba ya ce an gama magana, babu aure.

Ta san ƙwayar sarai. Tana kan fatar kowa, mutum da dabba, da wuya ta cutar, kuma yatsanta ne ya kai ta cikin kwalbar jinin. An sake gwaji ba a ga komai ba, Baba ya ce likitoci ne ke rufa wa juna asiri, ba zai yarda ba sai ya ga takardar shugaban asibiti. Ga shi ba a tabbatar da ita a aiki ba tukuna, kuskure ɗaya ya isa a sallame ta.

Sati uku ba ta cin abincin kirki. Saƙonsa ya shigo: "Mai Allurata, na haƙura. Kar ki zubar da aikinki saboda ni."

Ta rubuta: "Ni na ɓata, Jarumi. Ni zan gyara."

Ta faɗa wa shugaban komai. Takarda biyu ta fito da su, ɗaya ta wanke Jarumi, ɗaya ta sallamarta.

Baba ya karanta duka biyun, ya ce ya amince. Bayan wata guda aka ɗaura aure. Da za a kai ta, ya dafa kanta.

"Ni na raba ki da aikinki, 'yata. Ki yafe mini. Allah ya yi muku albarka."