Mangwaron da Ya Ƙi Tsawo

A wani gari, can da, mutanen unguwa suka kafa ƙungiyar sa-kai don su mayar da wani fili wurin shan iska. Dokarsu ɗaya ce: kowa ya dasa bishiya, ya binne tulu a gindinta, kullum ya zuba ruwa ya riƙa tsatsowa cikin ƙasa.

Wata mai ƙosai ta dasa mangwaro, wani tsoho ya dasa nasa kusa da nata.

Rani ya tsananta, rijiya ta ja baya, aka ce kowa guga ɗaya zai ɗiba. Ana haka sai tsohon ya kwanta ciwo. Mai ƙosai ta leƙa tulunsa, ta tarar ba ko ɗigo, ganye har ya fara yaushi.

Ta dubi bishiyar ta ce, "Wayyo, Baba na kwance, ke kuma ƙishi zai kashe ki?" Ta raba ruwan guganta tsakanin tulunta da nasa, ta zuba rabi nan, rabi can. Kashegari ma rabi nan, rabi can, har damina ta faɗi.

Shekaru suka wuce. Bishiyar kowa ta miƙe, tata ta tsaya gajera, rassa ƙasa-ƙasa. 'Yan ƙungiya suka riƙa zolayarta: "Iya, wannan mangwaro ne ko kujera?" Ita dai sai dariya.

Ranar buɗe wurin, yara suka shigo a guje. Dogayen bishiyoyi suka gagare su hawa, sai duk suka yi kan gajerar, wannan na lilo, wancan na tsinka.

Tsohon, yana zaune a inuwar tasa, ya ce, "'Yata, ɗauko kaskonki. Yau kasuwa ce ta biyo ki har gindin bishiya!"