Dusar Awara

Ga ta nan tafe, ga ta nanku, 'yan matana.

Ta iso, kunnuwanmu na wajenki.

To ku gyara zama.

Kadijatu na buɗe bakin buhun, wari ya buge ta, sai da ta ja da baya ta toshe hanci da gefen mayafi. Masara ce, amma ta yi baƙi ta dunƙule, ƙwari na ta kai da komo a ciki. Bappayo, yayan marigayi mijinta, yana tsaye a ƙofar ɗaki yana sakace haƙori da tsinken da ya zara daga tsintsiyarta. Ya ce tallafin marayu ne ya karɓo mata, ta gode wa Allah.

Ita kuwa ta san abin da aka raba. Shinkafa aka raba, da mai, da sukari. Makon da ya wuce shi ya zo ya kwashi 'ya'yanta biyu, Jannat da Asta, ya sa suka tuɓe kayansu masu kyau, ya zura musu tsummokara don a ɗauki hoto su fito abin tausayi. Jannat da kuka ta dawo gida.

"Yaya Bappayo, wannan ko kaji ba za su ci ba."

Ya yi dariya, ya tofar da tuƙar goro dab da kaskon suyarta. Ya ce shinkafa tana gidansa, mai sonta ya bi ta can, shi a shirye yake ya riƙe 'ya'yan ƙaninsa ya haɗa da uwarsu. Sai ya rage murya.

"Amma ranar da kika auri wancan mai Keken, ranar za ki kawo mana 'ya'yanmu."

Bayan fitarsa sau uku ta wanke wurin da ya tofa yawu.

Bari in koma da ku baya kaɗan. Mijinta Mu'azzam ya rasu ne a shekarun nan da bama-bamai ke tashi a tashoshin mota a Gombe. Ya fita da safe, ko gawarsa ba ta gani ba. Ya bar ta da yara biyu da ɗakin haya ɗaya a Tudun Wada. Ba ta zauna jiran kowa ba, ta kama sana'ar awara: ta jiƙa waken suya, ta kai markaɗe, ta tace, ta dafa, ta soya a ƙofar gida. Gwangwanin madara uku gare ta a ƙarƙashin gado. Na farko jari, ba a taɓa shi ko sama za ta faɗo. Na biyu haya. Na uku na ciki, shi ne kullum mai ƙarar wofi, balle in an sa dokar hana fita, ciniki ya mutu tun la'asar, awara ta kwana ta yi tsami.

Abin da ke rufa mata asiri shi ne dusa. Kun san in an tace waken nan akwai dusar da ke saura, masu kiwo na so. Kullum da hantsi wani mai Keke Napep, Uzairu, ɗan Manawashi, yakan tsaya ya sayi bokiti guda naira ɗari da hamsin. Da wannan take ba yara kuɗin tara, ta biya kuɗin Laraba na Islamiyya, ranar sa'a har sabulu ya fito.

Mutum ne mai kunya, idonsa kullum a kan takalminsa. Takan tambaye shi ya raguna, ya ce suna gaishe ta. Ta ce su kuwa ba sa ƙoshi ne, ya ce sun ce dusar wani gida ba ta yi musu daɗi. Haka dai, yau raha gobe raha, har ta fara kama kanta tana gyara ɗaurin ɗankwali in ta ji tsayuwar Keke. Sau ɗaya ya ce zai riƙa kai mata markaɗe kyauta, ta haɗe rai ta ce ita ba ta karɓar sadaka, ta ga yadda masu bayarwa ke kallon mutum. Bai sake ba.

Wata rana ya ɗauki bokitin, ya ajiye, ya sake ɗauka.

"Maman Jannat... ni fa ba dusa kaɗai ke kawo ni ba."

Ta ci gaba da juya awara har ɗaya ta ƙone.

"Malam Uzairu, ni ba ni kaɗai ba ce. Mu uku ne."

"Ku ukun nake nufi."

Ta ji maganar har cikin ƙashinta. Sai dai ta san al'adar dangin mijinta: mace ta yi aure, 'ya'ya su koma gidan ubansu. Mai yanke magana kuwa ita ce Dada Jumma, mahaifiyar Mu'azzam da Bappayo, tsohuwar da ke Jekadafari, wadda yanar ido ta kusa rufe mata gani.

Shi kuwa Bappayo bai kwanta ba. Ya taka har Manawashi ya yi ta shinshine-shinshine, ya dawo da abin da yake nema. Uzairu ba shi da rago, ko kaza ba shi da ita. Ya sayar da ragunansa fiye da shekara, ya zuba kuɗin a Keke. Bappayo ya bi majalisa majalisa yana tambaya, yana kashe ido ɗaya: namiji marar dabba da ke ba bazawara kuɗi kullum, dusa yake saye ko me?

Maƙwabciyarta Hilda ce ta kawo mata maganar, tana faɗa tana tofar da yawu don ƙyama. Kadijatu ta ji kamar an watsa mata ruwan kwata. Ƙazantar bakin Bappayo daban, amma abin da ya fi ci mata rai shi ne Uzairu. Ashe duk rahar ragunan nan ƙarya ce? Ashe sadakar da ta ƙi ce ya naɗe a bokiti yana miƙo mata?

Washegari da ya tsaya, ta fito da bokitin a hannu.

"Ina ragunan?"

Ya buɗe baki.

"Maman Jannat, ki tsaya ki ji..."

"Na ji a bakin duniya. Ka mai da ni abar tausayi, su kuma sun mai da ni abar banza."

A gabansa ta juye dusar a kwata, ta shige gida ta rufe ƙofa. Kwana uku tana zubarwa. Kwana uku Jannat da Asta na tafiya makaranta hannu wofi, ita kuma in ta girgiza gwangwani na uku sai hawaye.

A rana ta huɗu saƙon Dada ya iso: ta zo Jekadafari da yaran, ta haɗo da kayansu.

Ta ƙulle 'yan rigunansu a zani. A tsakar gidan Dada ta tarar da Bappayo ya baje a tabarma, ya miƙe ƙafafu yana ɓare gyaɗa yana watsa ɓawon inda ya ga dama. Can gefe awaki na ta kuka. Awakin yaran ne. Ranar sunan kowacce Mu'azzam ya ba ta 'yar akuya, aka bar su wajen kaka, ga shi sun zama bakwai.

Kadijatu ta durƙusa ta gaida Dada. Tsohuwa ta amsa a daƙile, ta ce ta ji abin da bai yi mata daɗi ba, jikokinta ba za su tashi a inda ake nuna uwarsu da baki ba. Asta ta ƙanƙame zanin uwarta. Kadijatu ta rantse, ta sake rantsewa, amma da aka tambaye ta ina mutumin ke kai dusar, ta ce ba ta sani ba.

Ana haka aka yi sallama daga zaure. Uzairu ne, Hilda ce ta tare shi a hanya ta gaya masa inda aka nufa da yaran.

Dada ta karkata kai.

"Wannan ai muryar mai kawo dusa ce. Shigo, ɗan nan. Kwana uku ina ka shiga, awaki na neman cinye mini tabarma?"

Bappayo ya daina tauna.

Uzairu ya shigo ya tsuguna nesa, kansa a ƙasa. Dada ta ce ai shi ne yaron da Bappayo ke aikowa da dusa kullum. Uzairu ya ce a yi masa afuwa, shi ba wanda ya taɓa aiko shi. Bara ne ya ɗauko Dada daga asibiti, ya shigo mata da kaya, ya ga awaki duk ƙashi suna cin leda. Ta ce masa na marayunta ne, ta faɗi sunayensu. A lokacin ya sayar da ragunansa, yana ta tunanin yadda zai gaya wa Maman Jannat ya daina sayen dusa, alhali ya san abin da kuɗin ke yi mata. Sai ya ga ga masu ci. Tun daga ranar yake juyewa a kwatanniyar zaure, ya yi sallama, ya wuce.



Dada ta juya fuskarta inda take jin numfashin ɗanta.

"Bappayo. Bunsuru biyun da ka kai kasuwa, ka ce kuɗin dusa za ka biya... wa ka biya?"

Ya fara kame-kame, wai harkar tana da yawa, wai zai yi bayani. Kadijatu ta ga dama ta samu, ta faɗi zancen masara mai ƙwari da tsummokaran hoto, ba ta ƙara ba ta rage ba. Jannat ta ce har Bappa ya ce kada su shafa mai, su yi fuskar kuka.

Dada ta lalubi ɓawon gyaɗar da ya zubar, ta share shi daga tabarmarta da bayan hannu.

"Tashi ka fita. Ƙyanƙyaminka nake ji, ni da na haife ka."

Da ya fita ta kira Kadijatu kusa, ta shafa fuskarta, ta roƙe ta ta yafe mata. Ta ce a kwance ƙullin kayan nan, yara suna wajen uwarsu, aure ko ba aure. Wanda ya ciyar da awakin marayu shekara guda bai nemi godiya ba, ba ta jin tsoron ya ciyar da marayun.

A zaure Kadijatu ta tsaya, ta ƙi kallon Uzairu.

"Ragunan da ke gaishe ni fa?"

"Awaki ne. Gaisuwar kuwa tawa ce, Dijata."

Ta ji sunan ya sauka mata a ƙirji. Ta ce har yanzu tana fushi, ƙarya ƙarya ce. Ya ce ya amsa laifinsa, ta yanke masa tara. Ta ɗan yi tunani, murmushi na neman ƙwace mata.

"Daga gobe bokiti ɗari biyu ne."

"Na saya... har ƙarshen raina."

Bayan wata biyu aka ɗaura aure, ba bidi'a, ba taro mai yawa, don lokacin kowa tsoron cunkoso yake. Kadijatu ta tare a Manawashi da 'ya'yanta da kaskonta da gwangwanayenta uku, ba ta bar awara ba. Uzairu ya gama biyan Kekensa, sun haifi namiji suka sa masa Mu'azzam. Dada Jumma da kanta ta sa aka karɓe katin tallafin yaran daga Bappayo aka mai da shi hannun uwarsu, ta rayu shekara huɗu bayan nan. Da kuɗin awakin Jannat da Asta suka yi sakandare. Bappayo kuwa ya bar gari, an ce yana wajen wani abokinsa a kudu, ba wanda ya bi sawunsa.

Nan ta tsaya, ku tashi ku ba ni wuri in miƙe ƙafa.