Wanda Ya Amsa Sunan Illo

Matar Yacouba tela ta haihu, gobe suna, shi kuwa ya kafe sai ya sa wa ɗan sunan kakansa Illo Bawa, sojan da gidansu ke tinƙaho da shi. Ya daɗe yana zarya a ofisoshin Yamai har ya samo takardu biyu. Ta fansho ta ce Illo ya yi yaƙin Turawa a ƙetare. Ta ƙidayar jama'a kuwa ta nuna shi a ƙauyensu na Tahoua a shekarar da aka ce yana wurin yaƙin, da matansa da awakinsa. Yacouba bai damu ba, mai son abu ai ba ya ganin laifinsa.

Da magariba ya tsaya da moto, babur ɗin da yake hawa, a bakin kogi, kan hanyar Yantala, ya ciro takardar fanshon don ya ƙara jin daɗi. Ya karanta sunan a fili.

"Na'am," aka ce a bayansa.

Kwaɗi suka yi tsit. Warin jiƙaƙƙen bargo da albarushi ya rufe wurin. Ya ji an haɗa dugadugan takalmi, ƙwas.

Tsoho ne cikin koɗaɗɗen kaki, da jar hula, tsaye ƙyam. Ruwa na ɗiga daga rigarsa, amma ƙasa ba ta jiƙa ba.

"Baba, kai ne kakana?" in ji Yacouba.

"Kakanka yana gida yana shan fura," in ji tsohon a hankali. "Ni baransa ne. Ni aka tura da sunansa. Na amsa shi har na faɗi."

"To... mene ne naka sunan?"

Tsohon ya buɗe baki. Ya rufe. Ya matso.

"Shi nake nema, ɗana. Wa kuka bar wa ajiyarsa?"

Hannu mai sanyi ya kama wuyan rigarsa.

Yacouba ya fizge, ya bar moto da takardu, ya zura da gudu. Bai tsaya ba sai ɗakin gwaggonsa Zuwera, wadda ta fi kowa tsufa a dangi. Ya kwashe abin da ya gani ya faɗa mata, ta ajiye carbi ta ce:

"An yi wani bara, tabbas. Kuɗin fanshon ma mu muka ci. Amma sunansa, wallahi ban taɓa jin an faɗa ba."

Da safe Yacouba ya roƙi dattawa a sake suna. Suka ce kada ya kunyata gida, an riga an gaya wa liman. Aka raɗa wa jariri Illo.

Yanzu kowa "Baba" yake ce wa yaron, ana ta yabon Yacouba da kunyar sunan kaka. Tsoro ne, ba kunya ba. Ranar da aka kai yaron rigakafi, ma'aikaciyar ta ɗaga murya ta kira Illo. Uwar ba ta kai ga miƙewa ba, daga bakin ƙofa aka riga ta amsawa.