Kura da Ludayin Jika

A zamanin da, an yi wata tsohuwa mai raunin gani, tana renon jikarta Ladidi, 'yar wata tara. Kullum uwar Ladidi takan ɗebo kunu a ludayi, ta ce, "Ungo." Ladidi ta buɗe baki. Haka jiya, haka yau.

Ran nan uwar ta tafi rijiya. Sai kura ta yafa zane, ta shigo, ta maƙe murya ta ce, "Inna, na dawo. Miƙo min ita ta sha kunu."

Kura ta kama ludayi ta wajen baki, ta miƙa wa yarinya mariƙinsa, ta ce, "Ungo."

Ladidi ta dubi ludayi, ta dubi mai zane, ta tsuke baki. Kura ta sake cewa, "Ungo." Ladidi ta ƙanƙame kakarta.

Tsohuwa ta ce a ranta, "Yarinyar nan ba ta taɓa ƙin ungo ba." Ta lalubi ludayin, ta ji shi a juye, ta ji gashi da farce a hannun mai riƙe da shi.

Sai ta jawo muciya, ta kwaɗa wa kura a goshi, ta ce, "Ungo!"

Kura ta zura da gudu, ta bar zane. Ladidi ta tafa hannu, ta faɗi kalmarta ta farko: "Ungo!"