Wutar Cek a Kwanar Gawo

Ku matso kusa. Sagir, kashe tocilan nan, ba don ita muka taru ba. Kuma kada wanda ya ce mini "ta zo mu ji ta", wannan ba tatsuniya ba ce. Da ni abin ya faru. Babanku yana ɗaki, gobe ku tambaye shi in kun isa.

Shekara goma ke nan. Lokacin ban daɗe da buɗe garejina ba, kuma duk garin nan ni kaɗai ne mai kwamfutar duba mota. Kaina kuwa ya kumbura. Kun san ta, 'yar na'urar nan mai igiya da nake hana ku taɓawa. Motar zamani tana da ƙwaƙwalwa. In wani abu ya same ta, sai ta kunna wata 'yar wuta ruwan ɗorawa a gaban direba, mu muna ce mata wutar cek. Sannan ta rubuta lambar ciwon ta ajiye. Aikina in jona kwamfuta, in karanta lambar, in bi waya ɗaya bayan ɗaya har in gano inda matsalar take. Wannan shi ne aikin gaskiya, kuma yakan cinye yini.

Akwai gajeriyar hanya. Wani maɓalli ne a jikin kwamfutar, can ƙasa, hannun dama. Kana dannawa lamba ta goge, wuta ta mutu. Direba ya washe baki ya ce hannunka da albarka. Ciwon yana nan daram, bakin motar kawai ka toshe. Na iya wannan maɓallin ƙwarai, Allah Ya yafe mini.

Ina da wata al'ada kuma. Duk motar da na duba, nakan ɗiga mata jan farce kusa da inda ake jona igiya, don in ta dawo in gane tawa ce. Ku riƙe wannan.

Wata Asabar da hantsi babanku, Baffa Ilu, ya shigo gareji da farar motarsa.

"Mudi, wutar nan ta dame ni. Bayan azahar za mu tafi suna ƙauye, ni da iyali."

Na jona. Lamba ɗaya ta fito: P0335. Na san ta sarai. Akwai wata sensa da ke gaya wa ƙwaƙwalwar mota cewa inji yana juyawa. Lambar nan tana nufin saƙon sensar yana zuwa yana yankewa. In ya yanke ana cikin gudu, inji zai mutu nan take. Sitiyari ya yi tauri, birki ya yi nauyi.

Na ce, "Baffa, sai na bi waya. Zai kai la'asar."

"Kai, ina na ga wannan lokacin? Mota lafiya lau take tafiya. Kashe mini ita kawai."

Ni ma sauri nake, an kira ni aiki a wani ƙauye, kuma hanyarmu ɗaya da shi. Na danna maɓalli. Wuta ta mutu. Na ɗiga jan farce, Baffa ya sa mini albarka ya tafi gida shiri. Ni na saƙala kwamfuta a jaka, na hau babur.

Kun san Kwanar Gawo. Doguwar gangara, a ƙasanta hanya ta karya hagu ba zato, ga wani ƙaton gawo tsaye a daidai kwanar. Babu gida ko ɗaya, babu sabis ɗin waya. Wata uku kafin ranar, motar wani direban haya, Tsalha, ta daki bishiyar nan. Shi da fasinja ɗaya ba su tashi ba. Mutane suka ce gudu ne. Ni ma na ce gudu ne, har na fi kowa ɗaga murya.

Rana ta take tsaka lokacin da na sauko gangarar. Ina isa kwanar babur ya mutu.

Na buga. Shiru. Na sake bugawa. Shiru.

Sai na lura ba babur kaɗai ya yi shiru ba. Babu kukan tsuntsu. Babu iska. Ko ƙuda babu.

Ƙarƙashin gawon akwai mota, ƙarama, ruwan toka, tsaf da ita. Injinta yana aiki a hankali. Da na sauko gangara ban gan ta ba, wallahi ban gan ta ba. Wani mutum yana zaune a mazaunin direba, cikin baƙar babbar riga, ƙofa a buɗe.

Na yi sallama.

Maimakon amsa sallama, sai na ji ya ce:

"Mahmudu ɗan Zulai."

Ummita, saki hannun yayanki, ba a kai wurin ba tukuna. Ku dai duba. Kowa Mudi yake kirana. Sunan mahaifiyata kuwa ko abokaina ba su sani ba. Kuma bakinsa nake kallo a gabana, amma muryar ta bayan kunnena take fitowa.

"Zo ka duba mini wuta."

Na so in ce sauri nake. Sai na tsinci kaina a bakin ƙofar, jaka a hannu.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ko za ka ɗan fito? Wurin jonawa yana ƙarƙashin sitiyari."

"Jona."

Bai motsa ba. Dole na durƙusa a ƙasa, na cusa kaina ƙarƙashin sitiyari, dab da gwiwarsa. Wurin yana warin tsohuwar rijiya. Ina lalube da hannu sai idona ya faɗa kan wani abu kusa da ramin igiyar.

Ɗigon jan farce.

Nawa ne. Har gefen da hannuna ya ɗan goce na gane.

Na juyar da kai don kada in ci gaba da kallonsa, sai na ga ƙafar da ke kan totur. Bakin riga ya ɗan ɗage. Ba takalmi ba ne. Kofato ne, baƙi, mai gashi har sama, kuma ƙasa ɗanya tana manne a jikinsa alhali rabonmu da ruwa wata biyar.

Ban yi ihu ba. Ba jarumta ba ce, muryar ce ta ƙi fita. Na nemi Ayatul Kursiyyu a kaina, na kama farkonta, sauran ya ɓace mini. Na jona igiya, na ja da baya na tsuguna a bakin ƙofa. Kwamfuta ta kama.

"Me ta ce?"

Na duba juyin inji. Sifili. Ga shi ina jin inji yana aiki da kunnena.

Na duba zafin ruwa. Arba'in ƙasa da sifili. Haka takan nuna in babu sensa a jiki gaba ɗaya.

Na duba mai. Babu ko ɗigo.

"Me ta ce, Mahmudu?"

"Lamba ɗaya ce, ranka ya daɗe."

"Karanta."

"P, sifili, uku, uku, biyar."

"Ka taɓa ganinta?"

Na kawar da kai daga kwamfutar.

"Akwai wani layi a ƙasa. Karanta shi."

Akwai kuwa. Mota ba ta mantuwa. In an goge mata lamba, sai ta fara ƙirga nisan da ta yi tun daga lokacin. Yawancin direbobi ba su san da wannan ba, mu muka sani. Na sauko da ido.

Kilomita talatin da ɗaya.

Daga ƙofar garejina zuwa gindin gawon nan, kilomita talatin da ɗaya ne cif. Na sha aunawa a babur.

Motar Tsalha ce. Ranar da ya rasu, da safe ya biyo ta wurina. Fasinja suna jiransa a tasha, ya ce Mudi yi mini sauri. Na yi masa sauri. Wata uku ina gaya wa kaina gudu ne ya kashe shi.

Mutumin ya ce, "Kun ce mutum biyu."

Na gyaɗa kai.

"Uku ne. Ta ukun tana barci a cikin bishiya. Ba ku ƙirga ta ba."

Ya ɗaga hannu ya nuna gawon, inda ɓawo ya sale, tabon ya yi fari.

"Nan ne ɗakinta. Autata ce."

Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba, amma kunya ta fi tsoron yawa. Da ƙasa za ta tsage da na shige.

"Wutar nan tana hana mu barci," in ji shi. "Kashe ta."

Na kalli gaban motar. Wutar cek tana kunne, ita kaɗai.

"Ai ka iya. Danna, ka tafi."

Ku ji abin da sabo yake yi wa mutum. Kafin in yi tunani, babban yatsana ya riga ya hau kan maɓallin. Ya san hanya da kansa. Yana taɓawa wani sanyi ya shiga ta farce, ya fara hawa a hankali. Dannawa ɗaya ce, in hau babur in tsira. Haka zuciyata take gaya mini.

Sai na ga ya sauko da kofaton daga kan totur. Ya ajiye shi a ƙasa, kusa da gwiwata. Ban ji ƙarar saukarsa ba. Ganyen gawon ya fara motsi, ba iska. A sama, tsakanin rassa, na ji numfashi. Ba na mutum ɗaya ba.

Jira suke.

Na ɗauke yatsa. Sai da na sa ɗaya hannun na ɓamɓare shi.

Na ce, "Ba zan kashe ba."

"Don me?"

"Ba gyara ba ne. Wutar gaskiya take faɗa. Ni na kashe ta wancan karon, ban gyara komai ba. Ni ne."

Ya daɗe yana kallona. Idonsa ba ya ƙiftawa.

"Da ka danna, da yau a wurinmu za ka kwana."

Ya mayar da kofaton cikin mota.

"Akwai wata motar tana tafe. Fara. Da ɗigonka a jikinta." Muryar ta matso har na ji sanyinta a wuyana. "Sauran 'ya'yana suna ciki. Ba na son a sake taɓa mini gida."

Na zare igiya na miƙe. Da na waiwayo, babu kowa. Babu ma motar da na gani. Wani gwangwani ne a murƙushe, ya yi tsatsa, ba taya, ba gilashi, ƙura ta binne kujera. Inda inji yake rami ne kawai, 'yan gwangwan sun daɗe da kwashewa.

Na ɗaga kai. Rana ta karkata. A lissafina minti goma na yi, ashe azahar ta wuce da nisa.

Baffa.

Bugu ɗaya babur ya tashi. Na juya na kama hawan gangara, ina murɗa totur har hannuna ya yi zafi, ina kiran sunan Allah da ƙarfi, yanzu ayar ta dawo mini duka. Ina kaiwa saman tudu na hango farar mota tana tahowa. Na jefar da babur a tsakiyar titi, na tsaya na ware hannuwa.

Ya taka birki har taya ta yi ƙara. Ya leƙo ta taga.

"Mudi! Ka haukace ne? So kake in kashe ka?"

"Baffa, kada ka sauka gangarar nan."

"Matsa mini daga hanya! An kusa watsewa a gidan suna!"

"Wallahi Baffa sai dai ka bi ta kaina."

Ya buɗe baki zai zage ni. Kun san babanku in ransa ya ɓaci. Bai kai ga furta kalmar ba, injin ya mutu.

Shi kaɗai. Ba wanda ya taɓa makulli.

Wutar cek ta kawo.

Daga hancin motar zuwa inda gangara ta fara, taku ashirin ne. Na auna daga baya.

Na buɗe gaban mota na yi abin da ya kamata in yi tun safe. Na bi wayar sensa da yatsa. Can ƙasa ta kwanta a jikin ƙarfe mai zafi, robar ta narke, zare biyu kacal suka rage. Na nuna wa Baffa. Ya kalli wayar, ya kalli gangarar, ya je bakin titi ya zauna a ƙasa da sabuwar shaddarsa. Na fi awa biyu ina gyara, kuma sai da wutar ta mutu don kanta muka juya gida.

Bayan kwana uku na je wurin mahaifiyar Tsalha na gaya mata gaskiya. Ta saurare ni har ƙarshe, ta tashi ta shige ɗaki ta saki labule. Har ta rasu ba ta sake amsa gaisuwata ba, kuma ban ga laifinta ba.

Sagir, ka ce ƙarya nake? Miƙo hannunka. Kama wannan yatsan. A'a, babban. Ka ji? Ga zafin da ake yi, ga shi kamar an ciro shi daga randa. Shekara goma ke nan bai yi ɗumi ba. Kai ma ai kana cikin motar, a cinyar Ummanku, kana cin ƙuli-ƙuli.

Ke kuma Ummita, kina tambaya ina kike. Kina nan. A kujerar gaba, saura wata biyu a haife ki.

To, ku ji da kyau. Kwanar Gawo ba a bin ta mutum ɗaya, balle rana tsaka. In kun girma kun yi mota, wuta ta kama, wani ya ce bari ya kashe muku ita a minti ɗaya, ku karɓi makullinku ku tafi. Gwangwanin nan yana gindin bishiyar har gobe. Direbobin da ke bin hanyar sun ce in ka rage gudu ka leƙa ciki, za ka ga 'yar wuta ruwan ɗorawa tana ci, ba batir, ba waya. Sau biyu ana zuwa har gareji a ce in je in duba.

Na ce musu a bar ta a kunne.