Hoton Macijin da Bai Taɓa Rayuwa Ba

Da hantsin Laraba aka tarar da gawar Malam Jibril a kan tabarmarsa a Karakkai, jini ya bushe a dasashinsa da hancinsa, ƙafar dama ta kumbura har gwiwa. Kwana biyu ke nan da maciji ya sare shi a fadamarsa. Duk wanda ya ga gawar nan ya san aikin kububuwa ne, amma takardar asibiti ta ce macijin ba shi da dafi.

Kafin Sufeto Lawali ya iso daga Bungudu, gari ya riga ya yanke hukunci. An kewaye ɗan asibitin garin ana neman Saude, ma'aikaciyar da ta sallami tsohon da ƙwayar ciwon jiki. An farfasa tagogi. Lawali ya sa ta a mota ya kai ta ofis, ya kuma san in bai gano gaskiya ba, a wuyanta za a rataya ran mutumin nan.

Saude ta yi bayani. Allurar maganin dafi tana wuyar samu, don haka suna amfani da wata manhaja a waya, a nuna mata hoton maciji ta faɗi irinsa. Ashiru, ɗan ƙanen marigayin, shi ya kawo shi a babur, ya tura mata hoton da ya ce ya ɗauka a fadama. Manhaja ta ce maciji mai shan ƙwai ne, wanda ke kama da kububuwa amma ba ya kisa. Lawali ya duba wayarta, ya ga ba ta yi ƙarya ba.

Ya nufi Gusau a fusace, wajen Dakta Muzdalifa da ta ƙera manhajar. Ita kam ko gezau. Ta ce kububuwa suna da hotunanta fiye da dubu, amma na mai shan ƙwai shida kacal suka samu. Na'ura ba ta koyo da hoto shida. Sai suka ba wata na'urar mai ƙirƙirar hotuna, ta kwaikwayi shidan ta zana musu dubu biyu, da su aka koyar da manhajar.

Da Lawali ya miƙa mata hoton, ta ƙara girmansa. A kusurwar ƙasa akwai wani shuɗin layi siriri. Ta ce hotuna shidan nan duk a cikin wani shuɗin bahon roba aka ɗauke su a Tsafe, na'urar kuma ta riƙa cusa bakin bahon a zanenta. Har mutane ta ɗauka aiki bara su tsince masu shuɗin a zubar. Ta buɗe waɗanda aka zubar, ga hoton nan sak. Macijin da aka nuna wa Saude bai taɓa shan iskar duniya ba. Cikin masu aikin tsincewar kuwa akwai sunan Ashiru.

Lawali ya koma Karakkai wajen Inna Uwani, matar marigayin. Ta ce mijinta bai taɓa barin maciji da rai ba, da fartanya ya datse kan wannan ya binne shi gindin tsamiya. Aka tona, ga kububuwa ba kai. Ta kuma ce ranar Juma'ar makon nan ya yi niyyar ba 'yarsa tilo, Salma, kyautar fadamar a gaban liman. Tunda ya rasu kafin nan, Ashiru na da rabo a gadon.

A wurin zaman makoki Lawali ya sami Ashiru, ya fi kowa sharar hawaye, munafukin banza. Ya ja shi gefe.

"Da ka ɗauki hoton, macijin na da rai?"

"Da ransa, yallaɓai."

"A fadama?"

"A fadama."

"To wa ya manna masa kan da baffanka ya datse? Kuma yaushe aka zuba fadamar a bahon roba?"

Lawali ya tasa Ashiru zuwa mota. A ofis Ashiru ya amsa laifinsa, amma ya ce bai shirya komai ba. Hotunan na cikin wayarsa tun bara, yana nuna wa abokai. A hanyar asibiti dabarar ta zo masa, tsohon na bayansa ya riƙe masa ƙugu yana sa masa albarka.

Da la'asar Lawali ya gaya wa Saude an wanke ta, ta tafi gida. Ba ta motsa ba.

"Yallaɓai, tsohon ya faɗa mini fa. Ya ce, 'Yarinya, shekara sittin ina noma, na san kububuwa.' Na ce masa waya ta fi shi sani."

Ta ce allura biyu na cikin firji a ranar, har yanzu suna nan. Lawali ya dubi takardar da ke gabansa, ya mayar wa bironsa murfi, bai rubuta ba.